Ɗan Hakin Da Ka Raina: Abin Da Ke Kashe Kwamfutocin Da Ake Aikawa Gida

Daga Agege zuwa Mile 12, daga Idi-Araba zuwa Sabo ta Badun, da wuya a sami zangon 'yan Arewa a Kudu inda babu wani magidanci da ya taɓa ƙulle kuɗi musamman don ya saya wa ɗansa ko ƙanensa kwamfutar cinya. Wani da cinikin tumatir ya tara, wani da canjin kuɗi, wani da gadi, wani kuwa da dako. In kuɗin sun kai, sai ya nemi wanda ya san kan abin ya raka shi Ikeja, kasuwar nan ta Computer Village da ke Otigba, ko kuwa Alaba, a zaɓo 'yar tokumbo mai ɗan kyan gani, a naɗe ta da tsumma a sa cikin kwali, a damƙa wa direban motar da za ta Arewa.

To, a ce kwamfutar nan Minna ta nufa, unguwar Barkin Sale. Ta isa lafiya, an yi murna, an sa wa mai aikowa albarka. Ba a yi mako biyu ba sai ga waya daga gida. Yaro yana cikin rubutu, ya ɗora yatsa zai gusa da kibiya, sai allo ya rikiɗe ya koma shuɗi, wasu rubuce-rubucen Turanci suka bayyana, na'ura ta mutu ta sake tashi da kanta, aikin awa uku ya bi ruwa. Gobe haka, jibi haka.

Daga nan sai zargi ya tashi. Uba yana can Ikko yana cizon yatsa, ko dai mai shago ya cuce shi, ko kuwa yaron ne ya yar da ita ƙasa yana ɓoyewa. Yaro kuma yana nan yana gunaguni a zuci, wai an sayo masa ruɓaɓɓiya. In an kai wajen mai gyara, maganar ba ta wuce biyu: ko a wanke ta gaba ɗaya, abin da suke kira fomatin, ko a canja mata bod, watau babban allon da ke cikinta, wanda kuɗinsa kan yi kusa da rabin abin da aka saye ta. Alhali kuwa sau da yawa lafiyar kwamfutar ƙalau. Abin da ke kayar da ita bai wuce ɗan faifan nan da ake shafawa da yatsa ba, shi da 'yar manhajar da ke tafiyar da shi. An bar jaki ne ana dukan taiki.

ABIN DA YA SA TA ZAMA DOLE

Barkin Sale unguwa ce mai cunkoson jama'a a cikin Minna, ba nisa da Kpakungu inda hanyar Bida ta tashi. Akwai Hausawa, da Nupawa, da Gbagyi, da Yarabawa, da Ibo, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ga kuma 'yan makaranta birjik. Ita Minna asali garin jirgin ƙasa ne, ta zama babban birni sa'ad da Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Neja cikin watan Fabrairu 1976. A 1983 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a garin, tana da mazauni a Bosso da kuma Gidan Kwano a kan hanyar Bida. Hukumar jarrabawa ta NECO, wadda aka kafa a 1999, ita ma hedkwatarta a Minna take. Tun daga 1999 ɗin zuwa yau abubuwa sun sake ƙwarai, domin daga 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya.

Saboda haka kwamfuta a irin wannan unguwa ba kayan ado ba ce. Yadda keken ɗinki yake ga tela, haka take ga ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatunsa, da yarinyar da ke koyon amsa tambayoyi kafin ranar jarrabawa, da mai ɗan shagon da ke buga wa mutane takardu yana cika musu fom ta intanet. Ranar da ta ƙi aiki, wani darasi ya wuce shi, wani kuwa cefanen ranar ne ya wuce.

FAIFAI DA TAFINTANSA

Faifan yatsa shi ne ɗan filin nan mai santsi da ke ƙasa da maɓallan rubutu, wanda masu gyara kan kira tocfad, wasu kuma su ce maus kawai. A ƙarƙashinsa akwai wasu siraran layukan lantarki a jere, tsaye da kwance kamar saƙar tabarma. Jikin ɗan Adam yana ɗauke da ɗan lantarki, to in yatsa ya sauka sai layukan su ji canji a daidai wurin, su aika da labari ta wata 'yar igiya mai faɗi kamar zaren kaset zuwa babban allo. Shi ya sa in an shafa shi da murfin biro ba ya motsi, in kuwa hannu da danshi sai ya ruɗe. Kamfanin Apple ya fito da shi a kwamfutar cinya, cikin samfurin PowerBook 500 a 1994. Kafin nan galibi ƙwallo ake murzawa, ko kuwa ɗan jan tsinken nan da ke tsakiyar maɓallai, wanda kamfanin IBM ya sa wa ThinkPad a 1992.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sunan da ke bisa murfin kwamfuta, ko HP ne ko Dell ko Lenovo, ba lalle ne su suka ƙera faifan ba. Galibi sayowa suke yi daga wasu kamfanoni, manya daga cikinsu su ne Synaptics na Amurka, da ELAN na Taiwan, da Alps na Japan. Har ma akan sami kwamfutoci biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya, amma faifan wannan daban, na waccan daban.

Kowane faifai kuwa da yarensa. Ita manhajar Windows, wadda ke mulkin kwamfutar, ba ta jin yaren kowa kai tsaye, sai an sa mata wata ƙaramar manhaja a tsakani, wadda ake kira direba. Ko da yake sunansa direba, aikinsa na tafinta ne. Duk wanda ya taɓa sauke shanu ko goro a kasuwar Kudu ba ya jin Yarabanci ya san darajar tafinta, ya kuma san abin da kan faru in aka haɗa shi da wanda bai ƙware ba: a ce ashirin ya faɗi talatin, ciniki ya watse, har a kai ga cacar baki.

Mai karatu zai ce, to don tafintan ɗan faifai ya yi kuskure sai kwamfuta duka ta faɗi? Dalili shi ne wurin zamansa. Manhajojin da ake gani yau da kullum, kamar ta rubutu ko ta kallon hoto, a zaure suke zaune, in ɗayarsu ta yi ɓarna sai Windows ta kore ta ita kaɗai, sauran su ci gaba da aiki. Direba kuwa a ƙuryar ɗaki yake tare da ita Windows ɗin, hannunsa yana iya kaiwa ko'ina cikin ƙwaƙwalwar na'ura. In ya taɓa inda ba nasa ba, Windows ba ta da tabbacin abin da ya lalata, sai ta tsai da kome nan take don kada ɓarnar ta kai ga takardun da ke ajiye. Wannan tsayawar ce ake gani a shuɗin allo. Watau birki ne aka taka da ƙarfi, ba mutuwar mota ba ce.

Kamfanin Microsoft, mai Windows, ya bayyana a cikin bayanansa ga ma'aikatan gyara cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na irin wannan faɗuwa daga direbobin wasu kamfanoni take tasowa, kashi 10 ne kawai ke zuwa daga lalacewar ƙarfen na'ura. Duniya ma ta ga misali ran 19 ga watan Yuli 2024, sa'ad da wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike, wanda manhajarsa ita ma a ƙuryar take zaune, ya kayar da kwamfutoci wajen miliyan 8 da rabi a rana guda, har jiragen sama suka kasa tashi a Amurka da Turai. Ba a canja wa ko ɗaya bod ba. Fayil guda aka cire, suka tashi.

YADDA BAƘON TAFINTA KE SHIGOWA

'Yar tokumbo ba ta isowa Barkin Sale sai ta bi ta hannuwa da yawa. Yawancinsu ofisoshin Turai da Amurka ne suka gama amfani da su, aka goge duk abin da ke ciki kafin a loda su a jirgin ruwa. In sun iso Ikko, yaran shago ne ke sa musu sabuwar Windows, sau da yawa daga filashi guda za a zuba wa kwamfuta ashirin iri daban-daban. Don a rage wahala sai a kawo wata manhaja mai tarin direbobi dubbai, a bar ta ta zaɓa wa kowace na'ura abin da ta ga ya yi kama. Nan ne akan sa wa faifan ELAN direban Synaptics, ko a sa wa kwamfutar da aka ƙera don Windows 7 direban da bai san Windows 10 ba. A shago kibiya tana motsi, mai saye ya gani ya gamsu. Sai an fara aiki na sosai, ana shafawa da yatsa biyu, ana rufe murfi ana buɗewa, sa'an nan ɓarakar ke fitowa.

Hanya ta biyu ita ce sabuntawa. Ranar da yaro ya fara haɗa kwamfutar da intanet, Windows takan shiga sauko da gyare-gyare da kanta, har da sababbin direbobi. Wani lokaci sabon ya yi karo da tsohon da ke ciki, su biyu suna jan faifai guda. Wani lokaci kuma data ta ƙare ko batir ya mutu ana tsakiyar aikin, direba ya shiga rabi da rabi. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma duk mazaunin Minna ya san wuta ba ta sallama kafin ta tafi, tsohon batir kuwa ba ya riƙo.

ALAMOMI

Likita ba ya ba da magani sai ya yi tambaya. Abin da za a fara lura da shi shi ne lokacin da kwamfutar ke faɗuwa. In a daidai sa'ad da aka taɓa faifai ne, ko aka ja shafi da yatsa biyu, ko aka buɗe murfi bayan ta yi barci, ko aka soka linzamin waje a ramin USB, to a fara zargin direban faifai. Haka kuma in kibiya takan daskare na ɗan lokaci kafin allon ya juye.

Abu na biyu, a karanta abin da allon ya rubuta. Ba ya daɗewa, saboda haka a ajiye waya kusa a ɗauki hotonsa. Can ƙasa akwai sunan laifin da manyan baƙaƙe. Waɗanda aka fi gani a wannan matsala su ne DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, da SYSTEM_THREAD_EXCEPTION_NOT_HANDLED, da kuma DRIVER_POWER_STATE_FAILURE, wanda ya fi zuwa wajen barci da farkawa. Waɗannan sunaye kaɗai ba su isa hukunci ba, domin direban kowace na'ura yana iya jawo su. Amma sau da yawa akan ga sunan fayil ɗin da ya yi laifin a kusa da kalmomin What failed. In an ga SynTP.sys, na Synaptics ne. In ETD.sys ne, na ELAN ne. In kuwa Apfiltr.sys ne, na Alps ne. Wanda ya ga ɗaya daga cikin ukun nan ya kama ɓarawo da kaya a hannu. A lura kuma, daga 2025 sabuwar Windows 11 ta mai da wannan allo baƙi maimakon shuɗi, amma saƙon bai sake ba.

Sai gwaji mai sauƙi wanda ba ya cin ko kwabo in akwai maƙwabci mai linzamin waje. A aro, a soka, a kashe faifan. Wasu kwamfutoci suna da maɓallin kashe shi a jerin sama, ana haɗa shi da Fn, wasu kuma sai an shiga Settings. A yi aiki kwana ɗaya ko biyu a haka. In ba ta faɗi ba, to hanya ta fara fitowa.

BA KULLUM NE DIREBA BA

Kafin a taɓa manhaja, akwai abubuwa huɗu da ido da hannu za su iya ganowa, kada a yi ta maganin ciwon kai alhali haƙori ne.

Na farko caja. In kibiya tana rawa ko tsalle sa'ad da ake caji, a zare cajar a gani. In ta natsu, to cajar ce ba ta kirki ba, ko kuwa wutar janareto ce ba ta da daidaito, ko soket ɗin ba shi da wayar ƙasa. Wannan ba ruwan direba.

Na biyu batir, kuma shi ne mai haɗari. A kwamfutoci marasa kauri batir yana kwance ne daidai ƙarƙashin faifai. In ya tsufa, ga kuma zafin Minna na watan Maris da Afrilu, yakan kumbura ya turo faifan sama, dannawa ta yi tauri, wani lokaci har bakin kwamfutar ya buɗe. Wanda ya ga haka ya daina caji nan take, kada ya danna, kada ya huda, ya kai a cire masa, domin kumburarren batir yana iya kamawa da wuta.

Na uku ƙura da danshi. Ƙurar hunturu da maiƙon abinci sukan taru a gefen faifai. A kashe na'ura a goge da tsumma mai laushi, ba mai jiƙe ba.

Na huɗu 'yar igiyar nan da ta haɗa faifai da babban allo. Kwamfutar da ta sha girgizar hanya daga Ikko ta bi ta Ilori da Jabba da Mokwa, ba abin mamaki ba ne igiyar ta ɗan zame daga mazauninta. Mai gyara zai mai da ita cikin 'yan mintoci. Haka nan masu ɗan tsinke a tsakiyar maɓallai, in tsinken ya gaji yakan riƙa jan kibiya gefe guda da kansa. Ana iya kashe shi shi kaɗai a bar faifan.

MATAKAN GYARA

In an kawar da waɗannan, sai a juya kan direba. Amma kafin kome, a kwashe muhimman takardu a zuba a filashi, ko a aika wa kai ta imel. Wannan ba shi da madadi. A kuma tanadi linzamin waje, domin akwai lokacin da faifan zai yi shiru ana tsakiyar aiki.

Mataki na ɗaya, a tashi kwamfutar cikin yanayin da ake kira Safe Mode, inda Windows ke tashi da 'yan direbobin da ba makawa sai da su, ta bar yawancin saura a waje. A riƙe maɓallin Shift a danna Restart, sa'an nan a bi Troubleshoot, da Advanced options, da Startup Settings, a sake danna Restart, a zaɓi lamba 4. In ma ba ta bari a kai ga nan, a kashe ta da maɓallin wuta tana cikin tashi, sau biyu ko uku a jere, za ta buɗe shafin gyara da kanta. Mai tsohuwar Windows 7 kuwa F8 zai riƙa dannawa da zarar ya kunna. Gargaɗi guda: wasu kwamfutoci suna kulle da BitLocker, za su nemi wata lamba mai alƙaluma 48 a wannan gaɓa. Wanda aka tambaye shi ita ba shi da ita ya dakata, ya nemi wanda ya sani.

Mataki na biyu, a buɗe Device Manager, watau rajistar duk kayan da ke jikin kwamfuta. A nemi layin Mice and other pointing devices, nan sunan faifan yake. A sababbin kwamfutoci akan same shi kuma ƙarƙashin Human Interface Devices. A danna sunan sau biyu, a shiga Driver. In matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, a danna Roll Back Driver, wannan zai kori sabon ya dawo da tsohon da ke aiki lafiya. In maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, to babu tsohon a ajiye.

Mataki na uku, in haka ne sai a danna Uninstall device, a sa alama a ɗan akwatin da ke cewa a share direban gaba ɗaya, a sake kunna na'ura. A yawancin tsofaffin kwamfutoci Windows za ta sa nata direban na gama-gari. Da shi kibiya za ta yi tafiya, dannawa za ta yi, sai dai wataƙila a rasa ja da yatsa biyu. Ga ɗalibin da ke da mako guda ya miƙa kundinsa, wannan kaɗai ya isa ya fisshe shi.

Mataki na huɗu, a nemo direban gaskiya. A juya kwamfutar a karanta lambar samfuri da lambar na'urar da ke ƙasanta, a shiga shafin intanet na kamfanin da ya ƙera ta, ba wani shafi ba, a rubuta lambar, a sauko da direban faifai wanda ya dace da irin Windows ɗin da ke ciki. In an ga kamfanin ya jera biyu ko uku, a koma Device Manager, ƙarƙashin Details a zaɓi Hardware Ids. Sau da yawa za a ga SYN in na Synaptics ne, ko ETD ko ELAN in na ELAN ne. Wasu sababbin faifai kuma ba sa motsi sai an fara sa direban babban allo, wanda ake kira Chipset ko Serial IO, saboda haka shi ake farawa da shi.

Mataki na biyar, a hana kwana ya dawo. In Windows ta sake sauko da direban da ya jawo rikicin, a dakatar da sabuntawa na ɗan lokaci, tana yarda har mako 5. In faɗuwar wajen farkawa daga barci take zuwa, a riƙa kashe kwamfutar sosai maimakon rufe murfi kawai, har a sami direban da ya dace. Akwai kuma System Restore, mai mai da tsarin na'ura yadda yake a wata rana da ta wuce ba tare da ya taɓa takardun mutum ba, in dai an kunna shi tun farko.

In an yi duk wannan ba ta daina ba, kuma sunan fayil ɗin da allo ke nunawa yana sakewa yau wannan gobe wancan, to lokacin ne ya kamata a zargi ƙwaƙwalwar na'ura ko rumbun ajiyarta. Windows tana da abin gwajin ƙwaƙwalwa mai suna Windows Memory Diagnostic. Sai bayan wannan ne maganar canja kaya ke da hujja.

A GABAN MAI GYARA

Ba kowa ne zai iya bin matakan nan da kansa ba, kuma ba abin kunya ba ne. Minna tana da masu gyara da suka san aikinsu. Amma matambayi ba ya ɓata. Wanda zai kai kwamfuta ya tafi da hoton allon a wayarsa, ya faɗi daidai lokacin da take faɗuwa, ya roƙa a duba ɗan rahoton da Windows ke ajiyewa bayan kowace faɗuwa a cikin jakar Minidump. Mai gyaran da ya ƙware ba zai ji haushin wannan ba. In an ce sai an wanke ta, ya tambaya: da wane direba za a mayar? Domin in da filashin nan mai tarin direbobi za a sake zubawa, an kashe kuɗi, an rasa takardu, kuma bayan mako guda shuɗin allo zai dawo. In an ce bod ne, ya nemi a nuna masa dalili, kuma kada a buɗe ta ba ya wurin.

GA MAI SAYE A KUDU

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rabin wannan wahala ana iya kashe ta tun a shago, kafin kwali ya hau mota. Mai saye kada ya yarda da kunnawa da kashewa na minti biyu. Ya zauna da ita ko da rabin awa ne. A shafa faifai da yatsa ɗaya, a ja da biyu, a danna dama da hagu. A rufe murfi a buɗe sau uku ko huɗu. A gwada ta da caja a jiki, a gwada ba caja. A kwantar da ita bisa tebur a duba ko faifan ya taso. A buɗe Device Manager a ga ko akwai alamar rawaya a kan wani abu. Akwai kuma wani shafi mai suna Reliability Monitor da ke nuna ranakun da na'ura ta faɗi da jan tambari, a ce wa mai shago ya buɗe shi.

A shiga Settings wajen Touchpad a duba. Tun daga Windows 8.1 a 2013 Microsoft ta fito da wani tsari da ake kira Precision Touchpad, inda ita da kanta ke tafiyar da faifai da direbanta. Kwamfutar da ke da irin wannan ta fi sauƙin sha'ani ta wannan fuska. A tambaya kuma ko tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, ta kuma rufe kulawar yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar da ta tsufa ƙwarai, kamfaninta ma ya daina yi mata sababbin direbobi. Araha ba ta ado.

Daga ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'ura da yawan kwanakin garanti, a ɗauki hotonsa a aika gida. A haɗa da linzamin waje guda da filashi guda cikin kwalin. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in an gwada da kuɗin kwamfutar, amma su ne za su tsaya wa yaro ranar da faifai ya yi gardama.

In kuwa duk da haka waya ta zo daga Barkin Sale cewa allo ya yi shuɗi, kada uba ya yi saurin hawa motar Ikeja da faɗa, kada kuma ya ɗora wa yaro laifi. Ya ce masa ya ɗauki hoton allon tukuna, ya karanto masa sunan fayil ɗin da ke ƙasa.